Me ake nufi da "diyya" in mota ta buge mutum a Kumasi?

A Zongo, da an ce diyya sai hankali ya tafi kan raƙuma ɗari na littattafan fiƙihu. Wadda lauyoyin Ghana ke magana a kai daban ce: kuɗi ne da doka ta ɗora wa wanda sakacinsa ya ji maka rauni.

A ce trotro, wato motar haya, ta buge mai sayar da koko a unguwar Aboabo, an kwantar da ita a asibitin Komfo Anokye da karaya a ƙafa. Washegari direba ya zo da mai motar da dattawa biyu, sun biya kuɗin hoton ƙashi, sun tura ambulan ɗin kuɗi ƙarƙashin matashin kai. "Hajiya, ki yi haƙuri, ƙaddara ce." Wannan jaje ne, kuma da kyau. Amma diyya na hannun kamfanin inshora, domin tun 1958 doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda ta raunata.

Lissafin ya haɗa kuɗin magani da na zirga-zirgar asibiti, cinikin da ya tsaya watannin da take kwance, zafin ciwon kansa, da nakasa idan ƙafar ba ta koma daidai ba. Likita ne ke ƙiyasta nakasar.

Matsalar ita ce kamfani takarda yake gani, ba hawaye ba. Zai nemi rahoton MTTD, wato ƴan sandan kula da zirga-zirgar motoci, rahoton likita, da rasidai, har na magungunan da aka saya a kemis. Nan mutanenmu ke faɗuwa. Ana ɗauke mara lafiya da dare a kai shi wurin mai ɗori. Ƙashi ya haɗu, alhamdu lillahi, amma mai ɗori ba ya ba da rasit. Kuma kada a dangwala hannu a takardar sulhu kafin wani ya karanta ta.

In kamfani ya yi ta jan ƙafa, ana kai kuka hukumar inshora, NIC, ko kotu, sai dai wa'adin shigar da ƙarar rauni shekara uku ne. In direba ya gudu, ko motar ba inshora, NIC na da asusu don irin waɗannan.

Raunin wurin aiki kuwa dokarsa daban, ta 1987: mai gidan aikin ne ke biya, ta hannun ofishin ƙwadago.