Waiwaye: Inda Ƙungiyoyin Jami'o'in Saudiyya Suka Rasa 'Yan Kallo

Tun da aka ba Saudiyya ɗaukar nauyin gasar cin kofin duniya ta 2034, muhawara ba ta lafa ba a majalisun Hausawan Makka da Jidda, har da ɗakunan kwanan ɗalibanmu na Madina: me ya sa jami'a a Amurka take da launinta da takenta da dodon ƙungiya mai tsalle a bakin fili, amma tamu ko sunan kyaftin ɗinta ba a sani ba? Wasu na cewa ƙyamar siffar dabba ce. Wannan hujja ba ta da ƙafa, domin magoya bayan kulob ɗin Ittihad damisa suke kiran kansu, na Shabab kuwa zaki.

Abin da kowa ya sani shi ne kulob ya riga jami'a haihuwa. An kafa Ittihad a 1927, ɗaliban makarantar Falah ta Jidda suka kafa Ahli a 1937, Jami'ar Sarki Sa'ud ba ta zo ba sai 1957, ta Musulunci ta Madina kuma 1961. A Amurka akasin haka aka yi, don tun 1869 jami'o'in Rutgers da Princeton suka kara, kafin a san ƙwallon albashi.

Sai dai rigaye bai isa ya bayyana komai ba. Mahaɗar da ake tsallakewa ita ce farkon shekarun 1990, lokacin da ƙwallon Saudiyya ya koma sana'a mai kwantiragi. Kafin nan ɗan wasa ɗalibi ne ko ma'aikaci da safe, bayan la'asar ya je atisaye, kuma ba abin mamaki ba ne ka zauna aji ɗaya da wanda ka kalla a talabijin jiya. Da kwantiragi ya shigo, ƙafar yaro ta zama dukiyar kulob. Ana yi masa rajista tun yana rukunin ƙanana, ya haura na matasa, kafin ya cika 18 an san farashinsa. Wane kulob ne zai bar shi ya je ya karya gwiwa a wasan tsangaya da tsangaya? Ga atisayen safe da tafiye-tafiye suna cin karo da lacca. Wanda ya rage wa jami'a shi ne wanda kulob bai ɗauka ba, shi ma shekara huɗu ce ya kama gabansa.

Ba laifin kowa ba ne, sana'a ta ɗaga darajar ƙwallon ƙasar, kuma 'ya'yanmu irin su Usama Hausawi ta wannan hanya suka kai ga kyaftin ɗin ƙasa. Amma al'adar ƙungiya tana buƙatar abubuwa huɗu da ba sa canzawa: launin riga, abokin hamayya ɗaya da ake jira kowace shekara, ranar karawa sananniya, da tsofaffin ɗalibai masu dawowa da 'ya'yansu. In babu tauraro ba mai zuwa kallo, in ba 'yan kallo ba wanda zai rera take, dodon ƙungiya kuwa ba ya rawa ga kujeru.

Daga baya an samu hukumar wasannin jami'o'i, kuma ana gasa a kai a kai. Yawancin wasannin ɗaiɗaiku dai ana tara su ne a jami'a ɗaya a gama cikin 'yan kwanaki, wanda yake rage kuɗin tafiya amma ba ya haifar da hamayyar gida da waje.

Fili kam akwai. Na Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad yana ɗaukar mutum kusan 25,000, Hilal ta yi wasanninta a ciki, daga 2020 kuma ya zama gidan Nassr. Daren da ya cika maƙil, rigar kulob ce a jikin ɗaliban jami'ar.