Gwarzon NBA: Waiwaye Kan Kyautar da Masu Riƙe da Ƙuri'arta

A kakar wasa ta 1961-62 ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, Wilt Chamberlain ya riƙa cin maki 50.4 a kowane wasa idan aka raba jimillar makinsa da yawan wasannin da ya buga. A ranar 2 ga Maris 1962 shi kaɗai ya zuba wa New York Knicks maki 100 a garin Hershey na jihar Pennsylvania, kuma har yau ba a samu wanda ya kamo shi ba. A wannan kaka dai Oscar Robertson ya yi abin da sai bayan shekara 55 wani ya maimaita: maki 30.8, cafke ƙwallon da ta kuskure kwando sau 12.5, miƙa wa abokin wasa ya ci sau 11.4, duk a kowane wasa. Da aka ƙirga ƙuri'un gwarzon ɗan wasan gasar NBA, babu ɗayansu da ya samu. Bill Russell na Boston Celtics aka ba, mutumin da makinsa bai cika 19 a wasa ba.

Duk wanda yake son fahimtar wannan kyauta, wadda masu bibiyar ƙwallon kwando ke kira MVP, wato ɗan wasa mafi daraja, to ya fara da wannan shekarar. Hukumar gasar ba ta taɓa zama ta rubuta ma'aunin da za a bi ba. Shin wanda ya fi kowa iya wasa ne, ko wanda ƙungiyarsa ba za ta kai labari ba in babu shi, ko kuwa jagoran ƙungiyar da ta fi yawan nasara? An bar wa mai ƙuri'a ya yanke. Shi ya sa jerin sunayen waɗanda suka ci kyautar yake ba da labarin masu zaɓen kusan daidai da yadda yake ba da labarin 'yan wasan.

An kafa gasar a 1946 da wani suna, ta koma NBA a 1949, amma sai a kakar 1955-56 aka fara ba da kyautar. Bob Pettit na St. Louis Hawks ne ya fara ɗauka, duk da cewa ƙungiyarsa ta sha kashi sau 39 ta yi nasara sau 33 kawai. Kofin ya ɗauki sunan Maurice Podoloff, shugaban gasar na farko. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, daga wannan shekara har zuwa 1980 'yan wasan ne da kansu ke kaɗa ƙuri'a. Kuma kyauta ce ta wasannin kaka kawai, ana rufe zaɓe kafin a shiga zagayen neman kofi. Gwarzon wasan ƙarshe kyautarsa daban, ita kuma a 1969 aka fara ta.

'Yan wasa sun san wanda ke hana su barci. Ɗan jarida yana kallon takardar maki, shi kuwa wanda ya yi tsalle zai jefa ƙwallo ya ga hannun Russell ya mayar da ita, ya san abin da takarda ba ta rubutawa, don a lokacin ba a ma ƙirga tare ƙwallo a alƙaluman gasar. Saɓanin ya fito fili: a 1958 da 1961 da 1962 'yan wasa sun ce Russell ne gwarzon gasar baki ɗaya, amma 'yan jarida da ke zaɓen fitattun mutum biyar na shekara suka ajiye shi a sahu na biyu. Wato gwarzon kowa da kowa bai samu gurbi a sahun farko ba. Russell ya tashi da kyautar sau 5 da kofin gasa 11 cikin shekara 13. Chamberlain ya ci sau 4, na farkonsu a 1960, shekararsa ta farko a gasar.

Zamanin ƙuri'ar 'yan wasa zamanin dogaye ne. Daga 1965 zuwa 1980, kaka 16 a jere, ba wanda ya ɗauki kyautar sai ɗan wasan tsakiya mai gadin gindin kwando. Har da Wes Unseld, wanda ya ci a 1969 yana sabon shiga da maki 13.8 kacal a wasa, saboda zuwansa ya ɗaga Baltimore daga nasara 36 zuwa 57. Sarkin wannan zamani shi ne Kareem Abdul-Jabbar. Ta farko ya karɓe ta a 1971 yana amsa sunan Lew Alcindor, kafin ya bayyana sunansa na Musulunci a bainar jama'a, sannan ya ƙara a 1972 da 1974 da 1976 da 1977 da 1980. Guda 6 ke nan, kuma har yanzu ba wanda ya kai shi. Ta 1976 ita ce abin mamaki: Los Angeles Lakers ta ci wasa 40 ta faɗi 42, ba ta ko shiga zagayen neman kofi ba, amma abokan karawarsa suka ce shi ne. Da wuya 'yan jarida su yi irin wannan zaɓe.

A kakar 1980-81 aka karɓe ƙuri'a daga hannun 'yan wasa aka ba marubuta labarin wasanni da masu sharhi a rediyo da talabijin. Kowane mai zaɓe yana jera mutum biyar: na farko maki 10, na biyu 7, sai 5, sai 3, sai 1. Nan take aka ga canji. Julius Erving ya ci a 1981, wanda ba ɗan tsakiya ba na farko tun Robertson a 1964. Moses Malone ya riƙe wa dogaye tuta na shekara biyu, daga nan Larry Bird ya ɗauka sau uku a jere, 1984 zuwa 1986, abin da kafinsa Russell da Chamberlain ne kawai suka yi, bayansa kuma ba wanda ya sake yi. Magic Johnson ma ya samu uku. A ta 1990 tsarin maki ya nuna halinsa: Charles Barkley ya fi Magic yawan waɗanda suka sa shi na ɗaya, 38 da 27, amma da aka haɗa makin sauran gurabe Magic ya wuce.

Ɗan jarida mai neman labari ne, kuma labarin da aka maimaita sau biyar ya daina zama labari. Wannan ita ce cutar zaɓen 'yan jarida, har Amurkawa sun yi mata suna, gajiyar masu ƙuri'a. Michael Jordan ya ci sau 5, a 1988 da 1991 da 1992 da 1996 da 1998, amma da wuya ka samu mai kallon wasa a shekarun 1990 da zai rantse cewa akwai kakar da Jordan ya buga cikakkiya kuma wani ya fi shi. A 1997 ƙungiyarsa Chicago Bulls ta yi nasara 69, aka ba Karl Malone na Utah da tazarar maki 29 kacal, suka haɗu a wasan ƙarshe Jordan ya tafi da kofi. Haka LeBron James: ya ci a 2009 da 2010, ya koma Miami cikin surutun da ya ɓata wa jama'a rai, sai ga kyautar 2011 a hannun Derrick Rose mai shekara 22, mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa ci. Rose ya yi rawar gani, ba a ƙi ba, amma fushin da ake yi da LeBron ma ya yi masa aiki. Shaquille O'Neal da Kobe Bryant kuwa kowannensu sau ɗaya tak ya taɓa samu, yayin da Steve Nash ya samu biyu a jere, 2005 da 2006. Har gobe ana wannan musu.

Mu a nan, shekarar da ta fi shafarmu ita ce 1994. Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ne, ya taso yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana kuma buga ƙwallon hannu, sai da ya zama saurayi ya fara taɓa ƙwallon kwando. Ya tafi Jami'ar Houston, kuma a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 shi aka fara ɗauka, Jordan ya zo na uku. A 1994 ya zama mutum na farko da aka haifa a wajen Amurka da ya ci kyautar, kuma a kaka guda ya haɗa ta da ta gwarzon mai tsaron baya da ta gwarzon wasan ƙarshe, bayan Houston Rockets ta doke New York da ci 4 da 3. Masu ƙorafi suna cewa ai Jordan ba ya nan, ya tafi gwada wani wasan daban. Amsarsu ta zo a shekarar da ta biyo. A Fabrairun 1995 Hakeem yana azumin Ramadan, yana buga wasu wasannin da rana ko ruwa bai sha ba, aka zaɓe shi gwarzon wata. Kyautar shekara kuwa aka ba David Robinson na San Antonio, kuma aka miƙa masa kofin a fili Hakeem yana tsaye yana kallo, domin ƙungiyoyin biyu ne suka haɗu a wasan neman zakaran yankin yamma. Abin da ya biyo baya har yau ana nuna bidiyonsa: Hakeem ya karɓi ƙwallo ya ba Robinson baya, ya yi kamar zai juya dama, ya dawo hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, Robinson ya tashi sama, shi kuwa ya sulale ta ƙarƙashinsa ya ajiye ta a kwando. Maki 35.3 ya riƙa ci a kowane wasa cikin shidan da suka buga, Houston ta wuce, ta kuma share Orlando 4 da nema.

Irin wannan abin kunya ya sake faruwa a 2007. Dirk Nowitzki na Jamus, Bature ɗan nahiyar Turai na farko da ya ci, ya jagoranci Dallas ta yi nasara 67, amma kafin a miƙa masa kofin Golden State ta riga ta fitar da su tun a zagayen farko. A ɗakin taron manema labarai ya karɓa, fuska ba walwala.

Sau ɗaya kawai bakin masu zaɓe ya zo ɗaya. A 2016 Stephen Curry ya samu ƙuri'a 131 cikin 131, shekarar da Golden State ta ci wasa 73 ta faɗi 9. Kafinsa Shaquille a 2000 da LeBron a 2013 kowanne ya samu 120 cikin 121. Ɗan jaridar da ya kauce a 2000 ya zaɓi Allen Iverson, na 2013 ya zaɓi Carmelo Anthony, kuma dukansu sun sha zagi. Tun 2014 ake wallafa ƙuri'ar kowa da sunansa, a 2017 kuma aka cire masu sharhin da ƙungiyoyi ke biya albashi, aka bar masu zaɓe kimanin 100. Gyara ne mai kyau, sai dai a ganina yana da tasa illar: mutumin da ya san dubban magoya baya na jiransa a intanet, bin sahun jama'a ya fi masa sauƙi.

Daga 2019 zuwa 2025 ba haifaffen Amurka ko ɗaya da ya ci, James Harden a 2018 shi ne na baya. Giannis Antetokounmpo ya ɗauka a 2019 da 2020. A Atina aka haife shi, iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura, ainihin sunan gidansu Adetokunbo, kuma ya yi tallar agogo da tabarau a bakin titi tare da ɗan'uwansa, bai samu takardar zama ɗan Girka ba sai 2013. Nikola Jokic na Sabiya, wanda sai a lamba ta 41 aka ɗauke shi a 2014, ya ci a 2021 da 2022 da 2024. Joel Embiid haifaffen Yawunde ta Kamaru ya karɓa a 2023 da maki 33.1 a wasa, bayan zazzafar muhawarar da har batun launin fata ya shigo cikinta. Shai Gilgeous-Alexander na Kanada ya ɗauka a 2025, ya haɗa da kofin gasa.

Kofin kansa ya canja a Disambar 2022, aka cire sunan Podoloff aka sa na Jordan. Mutum-mutumin tagulla ne na ɗan wasa yana miƙa hannu sama zuwa ƙwallo, tsayinsa inci 23.6, nauyinsa laba 23.6, don tunawa da lambar rigar Jordan da kofunansa shida, gindinsa kuma mai kusurwa biyar. A rana ɗaya aka sa wa kyautar gwarzon mai tsaron baya sunan Hakeem Olajuwon.

Canjin da ya fi nauyi ba a kofi yake ba, a aljihu yake. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, matashin da ya ci kyautar yana iya karɓar kashi 30 cikin 100 na iyakar albashin ƙungiya maimakon 25, dokar da ake kira da sunan Derrick Rose. Daga 2017 kuma tsohon hannu na iya kaiwa kashi 35. Ƙuri'ar ɗan jarida ta koma tana yanke miliyoyin daloli a kwantiragin wani, kuma wasu daga cikin masu zaɓen sun fito sun ce ba sa son wannan nauyi. Sai ga sharaɗin da ya fara aiki a kakar 2023-24: dole ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65 cikin 82 kafin sunansa ya shiga takara, don a rage al'adar hutar da taurari. Wannan ne karo na farko da hukuma ta gindaya wa masu zaɓe ƙa'ida a rubuce, kuma cikin waɗanda ta kama a kakar farko har da mai riƙe da kambun. Embiid ya ci maki 70 a wasa guda ranar 22 ga Janairun 2024, ana ta ƙirga masa wasannin da ya rage ya iya tsallakewa, ya fito da gwiwa mai ciwo a ƙarshen watan, wani ɗan wasan Golden State ya faɗa masa a ƙafa, aka yi masa tiyata. Ya gama kakar da wasa 39 da maki 34.7, sunansa bai shiga takardar zaɓe ba. Da wannan doka tana nan a 1978, Bill Walton na Portland, wanda 'yan wasa suka zaɓa bayan ya buga wasa 58 kacal, shi ma da bai samu ba.