Goron da aka bayar a Legas, shari'arsa a Amurka: abin da lauyan kamfani ya kamata ya sani

A shekarar 2009, kamfanonin KBR da Halliburton na Amurka suka amince za su biya dala miliyan 579, saboda cin hancin da aka ba jami'an Najeriya domin samun kwangilar gina masana'antar iskar gas ta tsibirin Bonny. Kwangilar ta haura dala biliyan 6, kuma kamfanoni huɗu ne suka yi taron dangi a kanta. Babu wani manaja da ya ɗauki jaka ya kai wa minista da hannunsa. Wani lauya ɗan Birtaniya mai suna Jeffrey Tesler aka ɗauka a matsayin mai ba da shawara, aka zuba wa kamfaninsa da ke Jibralta kimanin dala miliyan 132, shi kuma ya san inda zai kai su. Daga baya ya amsa laifinsa a kotun Amurka, ya yi zaman kaso.

Dokar da ta kama su ita ce FCPA, wadda Amurka ta kafa a 1977. Abu biyu ta ƙunsa. Na farko, ta haramta ba jami'in gwamnatin wata ƙasa kuɗi ko wani abu mai daraja domin a samu ciniki ko a riƙe wanda ake da shi. Alkawari kaɗai ya isa laifi, ko da sisi bai fita ba. Kuma "jami'i" a wurinsu ya haɗa da ma'aikacin kamfanin gwamnati, irin kamfanin mai na ƙasa. Na biyu, duk kamfanin da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar Amurka dole littattafan kuɗinsa su faɗi gaskiyar abin da aka kashe.

Mutane da yawa suna cewa, "Mu ai ba kamfanin Amurka ba ne." Wannan magana ba ta kare kowa. A cikin sauran kamfanoni ukun da suka yi tarayya da KBR a kwangilar, Technip na Faransa ne, Snamprogetti reshen kamfanin Eni na Italiya ne, JGC na Japan ne, kuma dukkansu sun biya tara a wannan shari'a ta Bonny. Kuɗin da aka tura da dala ya ratsa ta bankin New York, ko taron da aka yi a ƙasar Amurka, suna iya zama igiyar da masu gabatar da ƙara za su kama.

Dokar hana cin hanci ta Birtaniya ta 2010, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2011, ta fi tsauri. Ta shafi hancin da ake ba ɗan kasuwa, ba jami'in gwamnati kawai ba, kuma mutum na iya shan ɗaurin shekara 10. Sashe na 7 ne ke hana lauya barci: idan wanda ke yi wa kamfani aiki ya ba da hanci domin amfanin kamfanin, kamfanin ya yi laifin kasa hanawa, ko shugabanninsa sun sani ko ba su sani ba. Mafita ɗaya ce, ya nuna cewa yana da isassun matakan rigakafi. Kamfanin Kano da ke da reshe a Landan yana iya faɗawa ƙarƙashinta.

Inda na fi so a tsaya a duba da kyau shi ne ƙaramin kuɗi, wanda muke kira na goro. Ga kwantena ta kwana goma a tashar Apapa, kuɗin ajiya yana hauhawa, manajan ciniki yana ta bugo waya. Ejan da ke fito da kayan ya ce a ƙara masa wani abu a "sallami mutane", ya rubuta a rasit "kuɗin hidima ta musamman". Dokar Amurka ta bar wata 'yar ƙofa ga kuɗin hanzarta aikin da jami'i zai yi dama ko ba a biya ba, amma ƙofar matsattsiya ce ƙwarai. Dokar Birtaniya ba ta bar ko taga ba, haka ma dokar ICPC ta 2000 a nan gida. Kuma da zarar akanta ya shigar da wannan rasit da sunan ƙarya, laifi na biyu ya hau kan na farko. Irin wannan ne ya ci kamfanin dakon kaya na Panalpina a 2010, tare da kamfanonin mai da yake yi wa aiki a kwastan, suka biya sama da dala miliyan 236 gaba ɗaya.

Saboda haka aikin lauyan cikin gida yana farawa ne kafin a sa hannu da dillali. Wa ya kawo shi? Idan jami'in da zai ba da kwangilar ne ya ce "ku yi aiki da wane", a nan ya kamata a taka birki. Wa ke da kamfaninsa a zahiri, surukin wa ne? Me zai yi da ya cancanci wannan la'ada? Me ya sa yake so a biya shi a asusun wata ƙasa ta uku? A rubuta amsoshin a adana, a sa wa yarjejeniya sharaɗin duba littattafansa da ikon soke ta nan take. Lauya zai sha baƙin jini a wajen abokan aiki, za a ce yana hana ruwa gudu, kuma na san ba abu ne mai sauƙi ba ga wanda albashinsa ke hannun waɗanda yake ce wa a'a.

A Fabrairun 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin dakatar da sababbin binciken FCPA na ɗan lokaci, a watan Yuni kuma aka fitar da sababbin ƙa'idoji masu taƙaita irin ƙararrakin da za a bi. Majalisar dokokin Amurka ba ta soke dokar ba. Wa'adin gurfanarwa kan laifin hanci shekara 5 ne, ya zarce zangon mulkin shugaba ɗaya, kuma umarnin bai taɓa dokar Birtaniya ko dokar hana cin hanci ta Faransa ta 2016 ba.