Waiwaye: Tarihin Mafarkin Mota Mai Aiki da Ruwa

Bayan cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, wani bakanike da na daɗe da sani ya kira ni garejinsa, ya buɗe mini gaban wata tsohuwar mota. A gefen batir ya ɗaure kwalba cike da ruwa, da farantan ƙarfe a ciki, da tiyo ɗan siriri da ya nufi inda inji ke shaƙar iska. Yana tayar da motar sai ruwan ya fara kumfa. Ya dube ni da murna ya ce, "Malam, ka ga haidurojin ke nan. In Allah ya yarda mun kusa rabuwa da gidan mai." A bidiyon intanet ya koya, kuma da kuɗin cefanensa ya sayi kayan. Na tausaya masa ƙwarai, domin na san inda wannan hanya ta kai waɗanda suka riga shi.

Asalin abin ilimi ne na gaskiya. Tun 1800 wasu Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka ratsa ruwa da lantarki, ya rabu zuwa haidurojin da oksijin. A 1807 François Isaac de Rivaz na ƙasar Suwizalan ya ƙera inji mai ƙona haidurojin, tun kafin a san motar fetur. Haidurojin yana ci da wuta, yana kuma tuƙa inji, wannan ba a jayayya a kai.

Inda aka saki hanya shi ne da'awar cewa mota za ta raba ruwa da kanta, ta kuma yi tafiya da abin da ta raba. Charles Garrett ya yi wannan iƙirari a Dallas a 1935. Wanda ya fi shahara shi ne Stanley Meyer na jihar Ohayo a Amurka, wanda ya ce galan 22 na ruwa zai kai motarsa daga Los Anjeles zuwa Niyok. A 1996 mutum biyu da suka zuba jari suka maka shi a kotu. Masana suka duba na'urar, suka tarar ba komai a ciki sai raba ruwa irin wanda aka sani, kotu ta ce zamba ce, ta umarce shi ya mayar musu da dala 25,000. Ya rasu kwatsam a 1998 a wani gidan abinci. Binciken gawa ya nuna jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, amma har gobe magoya bayansa na cewa guba aka ba shi, kuma wannan jita-jita ce ke raya labarin fiye da na'urar kanta.

Daga nan duk lokacin da mai ya yi tsada sai maganar ta dawo. A 2008, shekarar da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, kwalaben HHO, wato irin kwalbar bakanikena mai raba ruwa zuwa haidurojin da oksijin, suka cika kasuwar intanet. A shekarar ce kamfanin Genepax na Japan ya nuna tasa motar, ya rufe a 2009, a 2008 ɗin kuma kotun Filifin ta yanke wa Daniel Dingel, wani mai iƙirarin motar ruwa, hukuncin ɗauri kan damfara yana ɗan shekara 82. A 2012 Agha Waqar Ahmad ya ruɗi Pakistan har da wasu ministoci, sai masana irin su Pervez Hoodbhoy suka fito suka ƙaryata shi.

Dalilin faɗuwarsu duka ɗaya ne. Ruwa shi ne abin da ya saura bayan haidurojin ya ƙone, kamar toka bayan itace. Kafin ka mayar da shi makamashi sai ka biya ƙarfin da ya fita, har da ƙari. Lita tara ta ruwa tana ba da kilo ɗaya na haidurojin, sai dai raba shi yana cin lantarki wajen kilowat-awa 50, alhali abin da za a samu in an ƙona bai wuce 33 ba. A motar bakanikena kuwa, lantarkin daga na'urar cajin batir yake fitowa, ita kuma inji ke juya ta, injin kuma fetur yake sha. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ga haɗari kuma: haidurojin da oksijin a cakuɗe cikin kwalba ɗaya, kusa da inji mai zafi, tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa su a fuskar mutum.

Motocin haidurojin na gaske suna nan, irin su Toyota Mirai da ta fito a 2014 da Hyundai Nexo. Amma a masana'anta ake samar da iskar, a matse ta da ƙarfi mai tsanani cikin tanki na musamman, direba ya saya a tasha da kuɗinsa.

Bayan 'yan watanni na koma garejin. Kwalbar tana gefe, ruwan ya yi ja da tsatsa, batirin motar ya mutu an sake wani. Na tarar da shi yana tambayar wani abokin sana'arsa inda ake koyon mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG, da nawa ake biya.