Barin cin nama da wahalhalunsa na yau da kullum

Barin cin nama tsarin cin abinci ne da mutum yake ƙaurace wa naman dabba da na tsuntsu da kifi, saboda addini ko lafiya ko tausayin dabbobi ko kula da muhalli. Masu binsa kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka bar nama kawai amma suna shan madara da nono, wasunsu har da cin ƙwai. Akwai kuma waɗanda ake kira bigan, waɗanda suka bar duk abin da ya fito daga jikin dabba, har madara da man shanu da zuma. An kafa ƙungiyar masu barin nama ta Ingila a garin Ramsgate a shekarar 1847, ita kuwa ƙungiyar bigan Donald Watson da abokansa ne suka kafa ta a 1944. Amma al'adar ta daɗe a Indiya tun kafin wannan da ƙarnoni masu yawa, a tsakanin mabiya addinin Jain da wasu ɓangarorin Hindu da Buda.

Abin da ke ɓoye a tukunya

Wahalar farko ba ta gane tsokar nama a kwano ba ce, wannan kowa na iya ganinta ya ture. Matsalar tana cikin abin da ya narke a girki. A Tailan kusan kowace miya ana zuba mata ruwan kifi mai gishiri, a Japan kuma romon da ake kira dashi, wanda galibi daga busasshen kifi ake yin sa, shi ne tushen miya da yawa da ake ɗauka na ganye ne zalla. Kayan kanti ma haka suke. Jelatin da ke cikin wasu alewa da ƙwanson magani daga fata da ƙashin dabba ake tatso shi. Jan launin da ake rubutawa E120 a jikin kwali daga wani ƙwaro ake samunsa. Cuku da yawa na Turai ana haɗa shi da sinadarin da ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi.

Indiya ta sauƙaƙa wa mutanenta wannan. Doka ta tilasta a buga ɗigo kore cikin murabba'i kore a kan duk abincin kanti da babu nama ko ƙwai a cikinsa, wanda ke da nama ko ƙwai kuma a sa masa alama mai launin ƙasa. Ba abin mamaki ba ne, domin binciken da cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar a 2021 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na Indiyawa baligai suna kiran kansu marasa cin nama. A Habasha kuwa azumin Cocin Otodoks ne ya koya wa masu gidajen abinci aikin. Mabiya suna barin nama da madara da ƙwai ranakun Laraba da Juma'a, da kuma babban azumi na kwana 55 kafin Ista, shi ya sa ko a ƙaramin gari za a samu injera, faifan wainarsu mai tsami, da miyar shiro ta garin wake ba tare da dogon bayani ba.

A ƙasar Hausa lamarin yana da fuska biyu. Abincin gargajiya da yawa dama babu nama a cikinsa: ƙosai, ɗan wake, kwaɗon zogale ko rama da ƙuliƙuli, shinkafa da wake da mai da yaji, sai awara, wadda ita ce abin da mutanen Sin da Japan ke kira tofu, waken suya ne aka jiƙa aka niƙa aka tace aka daskarar. Daddawa daga kalwa take, ba ruwanta da dabba. Sai dai miyar kuka ko ta kuɓewa da ake ganin ganye ce sau da yawa da ruwan nama ko ƙashi ko busasshen kifi aka ɗora ta, a gama kuma a zuba man shanu. Alale ma kan zo da kifi ko ƙwai a ciki. Idan mutum ya ce ba ya cin nama, abin da mai tuwo za ta yi shi ne ta tsame tsokar ta miƙo masa miyar, kuma a ganinta ta biya masa buƙata.

Sinadaran da jiki ke nema

Furotin, wato sinadarin gina jiki, wanda aka fi yi wa masu barin nama tambaya a kansa, shi ne mafi sauƙin samu. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da wake ke da shi da yawa, wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi ke da shi, don haka cin su biyun a yini ɗaya ya wadatar.

Bitamin B12 ne ainihin abin tsoro. Ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da shi, kuma babu wani tsiro da za a dogara da shi a samu isasshe. Baligi yana buƙatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana. Hanta tana ajiye shi na shekaru, wannan ne ma ke yaudarar mutane, domin wanda ya bar nama da madara zai iya daɗewa yana jin garau kafin alamu su bayyana: gajiya, ƙarancin jini, ƙaiƙayi ko mutuwar yatsun hannu da ƙafa, da mantuwa. Lalacewar jijiya idan ta yi nisa ba ta cika komawa daidai ba. Jaririn da ke shan nonon uwa mai ƙarancin B12 ya fi kowa shiga haɗari. Mai shan fura da nono ko cin ƙwai yana samun rabonsa, amma bigan dole ya sha ƙwayar bitamin ɗin ko ya nemi abincin da aka ƙara masa shi a masana'anta.

Sinadarin ƙarfe na jini da ke cikin wake da ganye jiki ba ya tsotsarsa kamar na nama, har hukumar lafiya ta Amurka ta ƙiyasta cewa mai barin nama yana buƙatar ninki 1.8 na abin da mai ci ke buƙata. Lemun tsami ko tumatir a kan abinci yana taimakawa, shan shayi tare da abinci kuma yana rage tsotsar. Jiƙa hatsi ko tsimar da shi, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage sinadarin da ke riƙe ƙarfen.

Zama da mutane

Da yawa daga waɗanda suka fara suka bari, zama da jama'a ne ya kayar da su. A wurare da dama nama shi ne alamar karamci. Mai gida ya yanka wa baƙo kaza, baƙon ya ce ba ya ci, to abin ya wuce maganar ciki, ya koma maganar mutunci. Ga sunan jariri da ragonsa, ga babbar salla da naman layya da maƙwabta ke aikowa. Malaman Musulunci galibi suna cewa babu laifi mutum ya bar nama don lafiyarsa ko don ransa ba ya so, muddin bai ce haramun ne ba, kuma barin ci ba ya ɗauke masa layya idan yana da hali.

A gidan da ake girki a tukunya ɗaya, ware wa mutum ɗaya miyarsa ƙarin itace ne da ƙarin aiki ga mai girki, wadda sau da yawa ba ita ta zaɓi tsarin ba. Kuɗi kuwa ya danganta da abin da ake saye. Wake da gyaɗa da waken suya sun fi nama araha nesa ba kusa ba, amma madarar almon da kwaikwayon nama na kamfani, wanda ake yi da tsiro, da ake shigowa da su daga waje sun fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, kuma a manyan kantunan birni kaɗai ake ganinsu.