Wanke lagireto da sauya ruwan sanyaya inji a akori-kura mai dizal

Ruwan sanyaya inji, wanda kanikawa ke kira kulan, shi ne ruwan da famfo ke zagayawa da shi tsakanin jikin inji da lagireto domin kwashe zafi. Haɗi ne na tataccen ruwa da sinadarin etilin gilaikol, tare da magungunan hana tsatsa. Magungunan suna ƙarewa da daɗewa, shi ya sa ake zubar da tsohon ruwan, a wanke hanyoyinsa, a zuba sabo.

A Gombe da Bauchi direbobi da yawa sun ɗauka kulan kayan ƙasashen sanyi ne, tunda ruwa ba ya daskarewa a nan, sai su cika lagireto da ruwan rijiya ko na leda. Kuskure ne mai tsada. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, haɗin rabi-da-rabi kuwa sai ya kai wajen 107, matsin da murfin lagireto ke riƙewa kuma ya ɗaga shi sama da 120. Wannan tazarar tana da amfani ga Hilux ɗin da ta ɗauko buhunan masara daga Kumo a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40. Babbar ɓarnar ruwa zalla ma a ɓoye take: yana cin ƙarfe da alminiyom, ruwan rijiya kuma yana barin farin gishiri irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, har ya toshe siraran bututun lagireto.

Yawan sauyawa ya danganta da irin kulan. Kamfanin Toyota ya sa wa nasa mai ruwan hoda kilomita 160,000 a karon farko, sannan duk bayan 80,000. Tsofaffin nau'o'i akan sauya su duk shekara biyu. Launi kaɗai ba ya nuna irin sinadarin da ke ciki, don haka gauraya iri biyu kasada ce.

Ana yin aikin ne bayan inji ya huce sarai, domin buɗe murfi da zafi yakan watso tafasasshen ruwa a fuska. Sai a kwance ƙusar zubarwa da ke ƙasan lagireto, da ta jikin inji idan akwai, a tari ruwan a roba. Daga nan a cika da ruwa mai tsabta, a murɗa hita zuwa zafi, a tayar da mota har tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan inji ya yi zafi) ya buɗe, wanda a injunan Toyota da dama yake faruwa a digiri 82. A kashe, a jira ta huce, a zubar, a maimaita har ruwan ya daina fitowa ja. Bayan haka a zuba sabon haɗi a hankali, a bar inji yana aiki murfi a buɗe har kumfa ta daina tasowa, don iskar da ta maƙale ita kaɗai tana iya sa mota zafi. Washegari a duba ƙaramin tankin roba, a cike gurbi.

Wasu garejoji kan cire tamostat su jefar, da sunan maganin zafi. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai da hayaƙi, ainihin matsalar kuma, ko toshewar lagireto ce ko ƙurar hunturu da ta cika fuskarsa, tana nan. Idan kuwa baƙin mai ya koma kamar madara, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake ɗiga ba, zargi kan koma ga gasket ɗin saman inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa wadda ke hana mai da ruwa haɗuwa, kuma wanki ba ya gyara shi.

Tsohon kulan guba ne mai zaƙi. Akuya ko kare kan lashe shi idan an zubar a ƙasa, yana kuma lalata ƙoda, saboda haka a jarka mai murfi ake ajiye shi, nesa da yara da bakin rijiya.