Hanyoyin keke a tsaunukan Pirene

Tsaunukan Pirene, waɗanda Faransawa ke rubutawa Pyrénées, su ne suka yi katanga tsakanin Faransa da Sifaniya, tun daga gaɓar Tekun Atilantika a yamma har Bahar Rum a gabas, tsawon kimanin kilomita 430. A ɓangaren Faransa akwai jerin ƙananan hanyoyin kwalta da ke haurawa daga wannan kwari su gangara wancan, suna bi ta inda dutse ya ɗan rusuna ya ba da mashigi. Irin wannan mashigi shi ake kira col da Faransanci, shi ya sa ake ce wa jerin hanyoyin Route des Cols. Mahaya keke daga ƙasashe da dama sukan yi takakka su zo tsakanin watan Yuni da Satumba don su gwada ƙafarsu a kansu, kuma babbar gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, ba ta cika tsallake su ba.

Asalin hanyoyin

Ba don keke aka yi su ba. Makiyaya ne suka fara taka sawun, suna kora tumaki da shanu sama idan ƙanƙara ta narke ciyawa ta fito, su dawo da su ƙasa kafin sanyi. Daga baya sai maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke yankin suka jawo masu hannu da shuni masu neman lafiya, garuruwa irin su Eaux-Bonnes da Barèges da Luz-Saint-Sauveur da Bagnères-de-Luchon suka bunƙasa. A zamanin Sarki Napoleon na Uku, cikin shekarun 1860, aka gyara hanyar da ta haɗa waɗannan garuruwan wanka domin keken doki ya samu wucewa. Wannan tarihi na nan a jikin hanyar har yau: ba ta da faɗi, tana lanƙwasa yadda doki zai iya jan kaya, kuma kusan kowane gindin hawa akwai tsohon garin wanka mai otal da wurin cin abinci.

Tour de France ta fara hawa manyan mashigan ne a 1910. Henri Desgrange, shugaban Tour de France, ya tura ma'aikacinsa Alphonse Steinès ya dubo ko za a iya bi da 'yan tsere ta mashigin Tourmalet. Labarin da ya shahara shi ne ƙanƙara ta tare motarsa kafin ƙololuwa, ya ci gaba da ƙafa cikin dare, ya ɓata, aka tsince shi kusa da Barèges sanyi ya kusa kashe shi. Duk da haka saƙon da ya aika Paris cewa ya yi ya ƙetare Tourmalet, hanya na da kyau, tana biyuwa sarai. A kan wannan magana aka shirya zangon ranar 21 ga Yuli 1910, daga Luchon zuwa Bayonne, kilomita 326, kan tsakuwa da laka, da kekuna marasa canjin giya irin na yau. Octave Lapize ne ya fara kaiwa saman Tourmalet, wani wurin yana tura keken da hannu. Gustave Garrigou kuwa ya haye bai sa ƙafa a ƙasa ba, aka ba shi tukuicin faran 100. Da Lapize ya iso Aubisque a galabaice ya ga masu shirya gasar, sai ya jefe su da kalmar da aka riƙe har yau, ya kira su masu kisan kai. Shi ne dai ya ci zangon, ya kuma ci gasar shekarar.

Manyan mashigai

Zuciyar hanyar tana tsakanin Pau da Luchon, wajen kilomita 200, kuma yawancinta lamba ɗaya take ɗauke da ita, D918. Mai tahowa daga yamma zai fara da Aubisque, mai tsayin mita 1,709, wanda ake hawa daga Laruns ta Eaux-Bonnes da Gourette. Daga samansa zuwa Soulor, mai mita 1,474, an sassaƙa hanyar ne a jikin dutse a gefen wani ƙaton kwazazzabo da ake kira Cirque du Litor, tana ratsa gajerun ramuka masu duhu. Nan ne wuri mafi kyan gani a duk tafiyar, kuma mafi ban tsoro. A gangaren Aubisque ɗin nan ne a 1951 Wim van Est, ɗan Holand na farko da ya saka rawayar rigar jagoran gasa, ya zarce kwana ya faɗa ƙasa kimanin mita 70. Bai mutu ba. Tayoyin keke aka ƙulla suka zama igiya aka jawo shi.

Bayan an sauka Argelès-Gazost a bi kwarin zuwa Luz-Saint-Sauveur, sai Tourmalet, babban yayansu, mita 2,115. Daga Luz hawan kilomita 19 ne, matsakaicin tsininsa kashi 7.4 cikin ɗari, wato duk mita 100 da mutum ya yi gaba ya tashi sama fiye da mita 7. A takarda abin ba ya da yawa, amma babu wurin hutu na kirki, kuma kilomita ta ƙarshe ta fi sauran tsini, daidai lokacin da iska ta yi ƙaranci ƙafa ta mutu. Ƙwararrun 'yan tsere kan gama shi ƙasa da awa ɗaya, mai hawa don nishaɗi kuwa yakan ci awa biyu ko fiye. Ta gabas, daga Sainte-Marie-de-Campan, kilomita 17 ne da 'yan kai, ana ratsa La Mongie, garin masu wasan zamiya kan ƙanƙara wanda dogayen gine-ginensa na siminti ba su dace da wurin ba ko kaɗan. Sama da mashigin ana hango Pic du Midi de Bigorre, mita 2,877, da ɗakin duban taurari a kansa. Babu mashigin da Tour de France ta hau sau da yawa kamar Tourmalet, kuma a 2023 gasar mata ta ƙare zango a samansa cikin hazo, Demi Vollering ta yi nasara.

Aspin, mita 1,489, da Peyresourde, mita 1,569, sun fi sauƙi, sun fi kore. Wanda ya fara zuwa yankin gara ya fara da su. Akwai kuma ƙanana masu yaudara: Marie-Blanque mita 1,035 kacal ne, amma kilomita 4 na ƙarshe daga wajen Escot sun haura kashi 11 cikin ɗari.

Masu son ratsa tsaunukan gaba ɗaya suna da Raid Pyrénéen, daga Hendaye a bakin Atilantika zuwa Cerbère a bakin Bahar Rum, kimanin kilomita 720 da mashigai 18, a kammala cikin awa 100. Ƙungiyar mahaya keke ta garin Pau ce ke kula da shi, ana ba mutum kati ana buga masa hatimi a wasu garuruwan hanya.

Maƙerar Sainte-Marie-de-Campan

A 1913 Eugène Christophe yana gangarowa daga Tourmalet, yana da kyakkyawar damar cin gasar, sai ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Dokar lokacin ta hana ɗan tsere sauya keke, ta kuma hana kowa sa masa hannu a gyara. Ya saɓa keken a kafaɗa ya tako kilomita 10 ko fiye zuwa ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera, ya sa ƙarfe a wuta ya dinga bugu da kansa, maƙerin na gefe yana nuni da baki, alƙalan gasa na tsaye suna kallo. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san mutum ɗaya ba ya riƙe awartaki da guduma kuma ya yi zuga. Wani yaro ne ya kama masa zugazugi, kuma saboda wannan kaɗai aka ci shi tarar minti 10, a kan kusan awa huɗu da ya riga ya yi asara. Ya hau keken ya ƙarasa, ya zo na bakwai a Paris. Akwai allon tunawa a jikin ginin maƙerar, da mutum-mutuminsa a ƙauyen yana ɗaga karyayyen ƙarfen.

Yadda hawan yake

A gefen manyan mashigan an kafa ƙananan alluna duk bayan kilomita ɗaya, suna nuna tsayin wurin, da nisan da ya rage, da tsinin kilomitar da ke gaba. Wasu na gode musu, wasu na kawar da kai. Yanayi ba shi da tabbas. Zafi na raguwa da wajen digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, don haka wanda ya baro Luz yana gumi zai iya isa sama haƙoransa na kaɗuwa. Tsofaffin 'yan tsere jarida suke cusawa cikin riga kafin gangara, na yanzu kuma rigar iska mara nauyi suke sa wa a aljihun baya. Da rani hadari yakan haɗu da rana tsaka, shi ya sa masu wayo ke sammako.

Gangara ta fi hawa haɗari. A gangaren Portet-d'Aspet ne Fabio Casartelli, ɗan Italiya mai lambar zinare ta Olamfik, ya faɗi ya rasu ranar 18 ga Yuli 1995, akwai kuma dutsen tunawa da shi a wurin. Hular kwano ba ta zama dole ga ƙwararru ba sai 2003. Dokar Faransa ta ce mota ta bar wa mai keke mita ɗaya da rabi idan za ta wuce shi a wajen gari, sai dai a Yuli da Agusta hanyar kan cika da babura da motocin 'yan yawon buɗe ido.

Sannan ga masu wurin. Sama da iyakar daji babu shinge, dabbobi sake suke yawo. A saman Aspin shanu kan kwanta a tsakiyar kwalta suna tuƙa, ƙararrawa a wuya, wata ma ta matso ta lashi gishirin gumi a hannun mai keke. Kashinsu a kwana yana da santsi kamar mai. Garken tumaki kuwa manyan fararen karnuka ne ke gadinsu, ana ce musu patou, kuma sun ƙaru tun da aka fara sako beyar, wata babbar dabbar daji mai kai wa tumaki hari, daga Sulobeniya a 1996, abin da har yau makiyaya da hukuma ke jayayya a kai. Shawarar mutanen yankin ita ce mai keke ya rage gudu, kada ya keta tsakiyar garke, in kare ya taso ya sauka ya sa keken tsakaninsa da shi. A kan Soulor da Aubisque makiyaya na sayar da cukun tumaki a bakin hanya.

Da ƙanƙara ta fara sauka, wajen Nuwamba, ana rufe manyan mashigan, wani sashen hanyar Tourmalet ma ya koma filin zamiya. Babban mutum-mutumin ƙarfe na mai keke da ke samansa, wanda ake kira Géant du Tourmalet, ana sauko da shi kwari kafin sanyi, sai farkon Yuni a ɗora shi a babbar mota a mayar da shi, ɗaruruwan mahaya na biye da shi a baya.